LAIMAR KWAƊI DA CIWON BAƘIN CIKI

Akwai wani ciwo wanda ba ya kawo zazzaɓi, ba ya fid da ƙurji, amma ya kan ka da ƙaƙƙarfan mutum. Mai wannan ciwo ya kan wayi gari zuciyarsa ta yi nauyi, ba kuwa wani dalili da zai iya faɗi. Abinci ya fita ransa. Barci ya guje masa, ko kuwa ya yi ta kwanciya ba ya son tashi. Aikin da ya saba yi da murna, noma ne ko ɗinki ko koyarwa, duk ya zame masa kaya. Yana ganin kansa ba shi da wani amfani, har wata rana ya ce gara mutuwa. In wannan hali ya wuce mako 2 bai sake shi ba, likitoci su kan ce ciwo ne. Sunansa ciwon baƙin ciki, waɗansu kuma suna ce da shi ciwon damuwa.

Masu fama da shi ba kaɗan ba ne. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2019, sun kai wajen mutum miliyan 280. Ba ragwanci ke kawo shi ba, kada kuma mu yi garajen cewa rashin bangaskiya ne. Ku tuna da annabi Iliya sa'ad da ya zauna a gindin itace cikin jeji yana roƙon mutuwa. Abinci da ruwa da barci aka fara ba shi kafin a yi masa wata magana.

Ciwon yana da magani. Akwai ƙwayoyin da a ke sha kowace rana, akwai kuma jiyya ta hanyar zantawa da wanda ya koyi aikin. Mutane da yawa suna warkewa. Sai dai ƙwayoyin su kan ɗauki mako 4 ko 6 kafin a ga aikinsu, sa'an nan wajen mutum 1 cikin 3 ba sa samun cikakken sauƙi ko da an sāke musu magani sau da dama. Saboda waɗannan mutane ne waɗansu likitoci a Amurka da Turai suka juya ga wani abu mai ban mamaki, watau wata irin laimar kwaɗi wadda ta kan juya hankalin wanda ya ci ta. Labarin ya bazu a rediyo da jaridu, har da ƙarin gishiri. Don haka muka ga ya kamata mu bi shi daki-daki, mu ga abin da aka gwada, da abin da aka samu.

INDA ABIN YA FARO

A birnin Basel na ƙasar Suwizalan akwai wani masanin haɗa magunguna mai suna Albert Hofmann, ma'aikacin kamfanin Sandoz. A shekarar 1938 yana aiki a kan wata fumfuna da ke kama wani hatsin Turai ɗan'uwan alkama, kamar yadda burtuntuna ke kama dawa. Daga cikinta ya haɗa wani magani da aka ba suna LSD. Aka ajiye shi, ba a ga amfaninsa ba. A watan Afrilu na 1943 ya sāke haɗa shi, ya sha rubu'in miligiram, yana zaton ɗan kaɗan ne. Ashe ya yi yawa. Ya hau kekensa zuwa gida duniya tana murɗewa a idonsa, ya kwana yana tsammani ya haukace. Gari ya waye ya tashi garau.

Labarin laimar kwaɗi kuwa daga ƙasar Meziko ya fito. A kan duwatsun jihar Oaxaca akwai wata kabila, Mazatek, waɗanda tun kaka da kakanni su ke cin wata ƙaramar laimar kwaɗi da dare in suna neman sanin abin da ke damun mara lafiya. A 1955 wani ma'aikacin banki daga New York, Gordon Wasson, ya je garin Huautla, wata mai magani María Sabina ta yarda ya ci tare da su. A 1957 ya buga labarin a mujallar Life. A 1958 Hofmann ya tace abin da ke aiki cikin laimar, ya sa masa suna silosaibin. María Sabina dai ba ta ci ribar abin ba. Samarin Turawa masu neman maye suka cika garinsu, 'yan sanda suka biyo su, mutanen gari suka ɗora mata laifi, har aka ƙone gidanta. Ta rasu cikin talauci a 1985.

Tsakanin 1950 da 1965 likitoci sun gwada irin waɗannan magunguna a kan mutum wajen 40,000, aka rubuta rahotanni fiye da 1,000. A lardin Saskatchewan na Kanada, likita Humphry Osmond ya yi ta ba mashaya giya LSD don su rabu da kwalba. Shi ne ya ƙago musu suna saikedelik, ma'anarsa abin da ke bayyana abin da ke cikin zuciya. Amma yawancin gwaje-gwajen nan ba a yi su da tsari ba. Daga baya maganin ya tsere daga asibiti ya shiga hannun samari. A 1970 Amurka ta sa LSD da silosaibin cikin jerin haramtattun ƙwayoyi mafi tsanani, a 1971 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya a birnin Vienna wadda ta ɗaure su a duniya duka. Bincike ya kusa mutuwa har wajen shekara 30.

Wanda ya tā da shi wani dattijon masani ne, Roland Griffiths na jami'ar Johns Hopkins a Baltimore, mutumin da ya yi suna wajen nazarin yadda ƙwayoyi ke kama mutum. A 2006 ya fitar da rahoton gwajin da ya yi wa mutum 36 masu lafiya. Bayan wata 2, wajen kashi 2 cikin 3 suka ce ranar nan tana cikin ranaku 5 mafi muhimmanci a rayuwarsu. Wajen kashi 1 cikin 3 kuma suka ce sun ji tsoro mai tsanani sa'ad da maganin ke aiki. Mu riƙe waɗannan lissafi biyu tare, gama masu ba da labari su kan faɗi na farin su bar na biyun.

YADDA A KE YI

Kada wani ya zaci ana ba mara lafiya laimar kwaɗi ne ya tauna. Silosaibin da a ke gwadawa a ɗakin haɗa magani a ke yin sa, a auna shi daidai, yawanci miligiram 25, a zuba cikin ƙwanso. Shan ƙwayar ma ba shi ne farkon aikin ba.

Da fari a kan bincika mutum sosai, a tambayi tarihin lafiyarsa da na danginsa. Da yawa a kan sallame su tun a nan. Wanda aka karɓa zai zauna da masu kula da shi, yawanci mutum 2, sau da dama kafin ranar. Zai ba su labarin rayuwarsa, su saba da juna, su kuma gaya masa abin da zai iya gani. Su kan ce masa in ya ga abin tsoro kada ya gudu, ya tsaya ya dube shi.

Ran shan magani ana kai shi wani ɗaki da aka gyara kamar ɗakin zama na gida. Ya kwanta a kan doguwar kujera, a rufe masa ido da ƙyalle, a sa masa kiɗa mai taushi a kunne. Bayan wajen rabin sa'a abin ya fara. Launuka su yi ta juyawa, lokaci ya rikice, abubuwan da ya manta tun yana yaro su dawo kamar yau aka yi su. Wani ya yi kuka, wani dariya, wani ya ji kamar shi da duniya sun narke sun zama ɗaya, wani kuwa ya ji kamar mutuwa ce ta zo. Masu kula suna zaune kusa, ba sa yawan magana. Suna auna bugun jininsa, in ya firgita su riƙe masa hannu. Sa'a 6 zuwa 8 a kan yi a ɗakin, sa'an nan wani nasa ya raka shi gida. Kashegari ya komo, su zauna su tattauna abin da ya gani da abin da zai yi da shi. Sau 1 ko 2 kaɗai a kan sha, ba kullum ba.

Me maganin ke yi a cikin kai? In ya shiga jiki ya kan juye ya zama wani abu mai kama da serotonin, ɗaya daga cikin sinadaran da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su. Sai ya kama wurin da serotonin ke kamawa. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna sassan da suka saba aiki tare suna sassautawa, waɗanda ba su saba ba kuma suna haɗuwa. A 2021 masana a jami'ar Yale suka ga ƙananan rassan jijiya sun ƙaru da wajen 10 cikin 100 a ƙwaƙwalwar ɓeraye bayan sha ɗaya, bayan wata guda kuma suna nan.

Ga misali. Gonar da ruwa ya yanka wa kwari, duk ruwan da aka yi ta nan zai bi, kwarin kuwa ya yi ta zurfi. Haka tunanin mai baƙin ciki ya ke, hanya ɗaya ya ke bi dare da rana: ni ba kome ba ne, laifina ne, ba za ta gyaru ba. Zaton masana shi ne maganin yana tausasa ƙasar na ɗan lokaci, yadda ruwa zai iya samun wata hanya. In haka ne, to, da sauran aiki bayan an sha, gama ƙasa mai taushi sai da mai fartanya. Zato ne dai, ana kan bincikensa, ɓera kuwa ba mutum ba ne.

YADDA A KE SANIN MAGANI YANA AIKI

A nan ne zuciyar darasinmu ta ke. Kowa ya san mai tallar magani a kasuwa wanda ke kawo shaidu su ce sun sha sun warke. Mai yiwuwa ba ƙarya su ke yi ba. Amma ciwo da yawa ya kan lafa don kansa, shi ma baƙin ciki yana da hawa da sauka. Sa rai kaɗai kuma ya kan kawo sauƙi. A ba mai baƙin ciki ƙwayar sukari a ce masa magani ce, a riƙa tambayar lafiyarsa kowane mako, sau da yawa zai ji dama-dama.

Saboda haka likitoci suka tsara hanya. A tara marasa lafiya, a raba su ƙungiya biyu ta hanyar ƙuri'a, don kada likita ya zaɓi masu ƙarfi ya sa a gefen maganinsa. Ƙungiya ɗaya ta sha maganin gaske, ɗayar ta sha ƙwayar wofi mai kama da shi. Mara lafiya bai san wadda ya sha ba, mai auna shi ma bai sani ba. A ƙarshe a buɗe takarda a gwada. Abin da ƙungiyar fari ta fi ta biyu, shi kaɗai ne aikin magani. Ana auna baƙin ciki da jerin tambayoyi a kan barci da ci da kuzari da tunanin mutuwa, a ba da maki. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a waɗannan gwaje-gwaje yana tashi daga 0 zuwa 60, yawan maki yawan ciwo.

To, ga abin da aka samu. A 2016 aka buga rahotanni biyu a kan masu ciwon daji waɗanda tsoron mutuwa da baƙin ciki suka danne, mutum 51 a Johns Hopkins, 29 a jami'ar New York. A Johns Hopkins wajen 80 cikin 100 suna nan da sauƙinsu bayan wata 6. A shekarar nan kuma Robin Carhart-Harris na kwalejin Imperial a Landan ya ba mutum 12 waɗanda sauran magunguna suka kāsa. Bayan mako guda ciwon ya saki 8, bayan wata 3 sauran 5 ke nan garau. Amma mutum 12 ne kacal, ba kuwa ƙungiyar da aka gwada su da ita.

A 2021 mutanen Imperial suka kara silosaibin da escitalopram, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da aka saba bayarwa. Mutum 59 ne, mako 6. Ciwon ya saki 57 cikin 100 na masu silosaibin, da 28 cikin 100 na masu ɗayan. Duk da haka, a kan babban ma'aunin da suka zaɓa tun kafin su fara, bambancin bai kai yadda za a ce ba dace ba ne. Sun faɗi haka a fili, mun kuwa yaba musu.

Gwajin da ya fi koya mana abu shi ne na 2022, wanda kamfanin Compass Pathways ya biya kuɗinsa. Mutum 233 ne a ƙasashe 10, dukansu an gwada musu magani aƙalla iri 2 bai yi ba. Aka raba su uku, masu miligiram 25, masu 10, da masu 1. Bayan mako 3 ciwon ya saki 29 cikin 100 na ƙungiyar fari, 9 na ta biyu, 8 na ta uku. Bambanci ne na gaske. Ga wanda ya shekara goma cikin duhu, a ce sha ɗaya ya fid da shi ba ƙaramin abu ba ne. Amma mu juya lissafin. Mutum 71 cikin 100 ciwon bai sake su ba. Da aka kai mako 12 kuma, 20 cikin 100 ne kaɗai sauƙinsu ya dore tun daga fari. A watan Yuni na 2025 kamfanin ya ba da sakamakon wani gwaji na mutum 258 a Amurka: bayan mako 6, masu silosaibin sun fi masu ƙwayar wofi da maki 3.6 a kan ma'aunin nan mai 60. Kun lura da yadda abin ke tafiya. Da gwaji ya ƙara girma, tsari ya ƙara tsanani, sai ratar ta ragu, ko da ya ke ba ta ɓace ba. Haka ya kan faru da sabon magani kusan kowane iri.

RAMIN DA KE CIKIN GWAJIN

Akwai wata matsala da ta dami wannan bincike tun farkonsa. Yaya za a ɓoye wa mutum cewa ya sha abin da ke sa bango ya yi numfashi?

An ga wannan tun 1962. Ran 20 ga Afrilu, Jumma'ar da a ke tunawa da gicciyewar Ubangijinmu, wani likita mai karatun tauhidi, Walter Pahnke, ya tara ɗaliban makarantar fastoci 20 a ɗakin sujada na ƙasa a majami'ar Marsh ta jami'ar Boston. Ana sujada a sama, suna ji ta lasifika. Goma suka sha silosaibin, goma suka sha wani bitamin mai sa fata ta yi zafi, don su zaci su ma sun sha. Ba a daɗe ba kowa ya gane. Waɗansu suna zaune shiru riƙe da littafin waƙa, waɗansu suna kwance a kan benci suna nishi, ko suna yawo cikin ɗaki. Yawancin waɗanda suka sha na gaske sun ce sun ji kusancin Allah irin wanda ba su taɓa ji ba. Sai a 1991, da wani mai bincike, Rick Doblin, ya bi sawunsu, aka bayyana abin da rahoton fari ya ɓoye: ɗayansu ya fita titi a guje yana cewa an ba shi saƙo ga duniya, sai da aka kamo shi aka yi masa allura.

Matsalar tana nan har yau. Wanda ya ji duniya ta juya ya san ya samu maganin da jaridu ke yabo, zuciyarsa ta cika da sa rai. Wanda ya kwanta sa'a 6 bai ji kome ba ya san ƙuri'a ba ta faɗo masa ba, ya tafi gida da ƙarin karayar zuciya. Ta haka ratar da ke tsakaninsu za ta iya yin faɗi fiye da aikin maganin kansa. Don rage wannan ne a ke ba waɗansu miligiram 1 ko 10, ana kuma sa masu auna maki su yi ta waya daga nesa. Mu yi adalci kuma: da mutanen Imperial suka sāke duba gwajinsu, sun tarar yawan sa rai ga silosaibin bai nuna wanda zai warke da shi ba. Maganar ba ta ƙare ba.

Wannan rami ya riga ya ka da wani. MDMA wata ƙwaya ce dabam da aka gwada wa masu ciwon firgita, irin wanda ke bin sojan da ya dawo daga yaƙi ko macen da aka yi wa fyaɗe. Sakamakon ya yi kyau a takarda. Amma fiye da 90 cikin 100 na waɗanda suka sha sun gane abin da suka sha. Ga kuma wata mace a Kanada da ta kai ƙara cewa mai kula da ita ya ci amanarta. A watan Agusta na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa, ta ce a sāke gwaji.

Akwai tambaya ta biyu. Mai shiga gwajin nan ya kan samu mutum biyu da suka ba shi sa'o'i masu yawa, suna jin maganarsa ba tare da duba agogo ba. Wani tun da aka haife shi bai taɓa samun haka ba. Cikin sauƙin da ya samu, nawa ne na ƙwaya, nawa ne na zaman? A ganinmu rabon zaman ba ƙarami ba ne, kuma babu wani gwaji daga cikin waɗanda muka ambata da aka ba da ƙwayar ita kaɗai aka sallami mutum.

HATSARI

Silosaibin ba ya kama mutum kamar taba ko giya ko taramol, jiki ba ya ƙishinsa. Amma yana da nasa haɗari. A gwajin 2022, 77 cikin 100 sun yi ƙorafin wani abu, yawanci ciwon kai, tashin zuciya da jiri. Mutum 3 daga cikin masu miligiram 25 sun nuna halin neman hallaka kansu cikin makonnin da suka biyo, dukansu kuwa maganin bai yi musu aiki ba. Ku yi tunanin wanda aka ce masa ga maganin ƙarshe, ya sha, ya ga ba canji. Maganin yana tā da bugun jini. Wanda ya taɓa taɓin hankali, ko akwai shi a danginsa na kusa, ko mai ciwon da ke sa mutum ya yi sama da zumuɗi ya kuma faɗo ƙasa, yawanci ba a karɓarsu a gwaji, gama yana iya tono ciwon da ke kwance. Ashe lissafin da muka kawo duk na zaɓaɓɓun mutane ne.

Kada kuwa wani yaro ya ji wannan ya shiga jeji da damina. Cikin laimar kwaɗi akwai naman kaza da a ke ci, akwai kuma mai dafin da ke ruɓar da hanta cikin 'yan kwanaki, ido kuwa ba kullum ya ke raba su ba. Zaƙami ma ba ɗan'uwan wannan magani ba ne. Hanyar aikinsa dabam ce, shi ya kan ɗauke hankali ɗungum, mutum bai san inda ya ke ba, yana kuma kisa.

Watakila wani zai ce, “Wannan ba maye ba ne da aka sa wa rigar likita?” Tambaya ce mai kyau. A asibitocinmu ana yi wa mutum allurar ketamin kafin a yi masa aiki, ya kan yi gane-gane, ba mu kuwa ce ya yi maye, domin likita ne ya auna, saboda ciwo, na ɗan lokaci. A 2019 ma Amurka ta amince da wani irin ketamin da a ke shaƙa ta hanci a gaban likita saboda baƙin cikin da ya ƙi magani. A kan wannan ma'auni za mu sa silosaibin. Abin da ba za mu yi ba shi ne mu ɗauki abin da mutum ya gani cikin ƙwaya a kan wahayi. Ɗalibin nan na Boston ya tabbata a ransa an aiko shi.

INDA AKA TSAYA

Ƙasar Ostareliya ta ba waɗansu likitocin ƙwaƙwalwa izinin ba da silosaibin ga masu baƙin cikin da ya ƙi magani tun daga 1 ga Yuli 2023, ko da ya ke waɗansu masana na ƙasar sun ce an yi gaggawa. Kuɗinsa dubban daloli ne, yawancinsa ladan masu zaman nan. Jihar Oregon ta Amurka ta yi dokarta a 2020, ta buɗe wuraren sha a 2023. Hukumar magunguna ta Amurka kuwa har ƙarshen 2025 ba ta amince da shi ba. Nijeriya da Nijar da Ghana da Kamaru duk suna cikin yarjejeniyar 1971. Duk wanda ya ce zai sayar muku da wannan magani, ku sani ba likita ba ne.

Amma rabin nan na biyu, watau zaman, ba sai an jira jirgi ya kawo shi ba. A 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle masu ciwon hankali a asibiti, sai a sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa guda mai zama da shi, suna zuwa karɓar magani da rana. Likitocin duniya sun yi ta zuwa gani.

In akwai mai wannan ciwo a gidanku ko a ikkilisiyarku, ku kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Magunguna irin su amitriptyline da fluoxetine ba su da tsada ƙwarai. In an ba shi, ya jure makonnin fari, kada kuma ya daina farat ɗaya don ya ji dama, sai likita ya ce. Wani ya riƙa zama da shi, ko da ba za a yi magana ba. In kun ji ya ambaci mutuwa, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, gama tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. In ya ce i, ku kawar da fiya-fiya da maganin feshi da igiya daga inda zai kai hannu, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi asibiti a ranar.